Zuwa Taron Masu Kula da Laburaren Makaranta Zai Sa Malamai Su Yi Aiki da Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati. Shekara biyu ke nan da shugaban makaranta ya damƙa mini mabuɗin laburare, bayan darussan da nake koyarwa. Littattafanmu ba su kai ɗari bakwai ba. Yara kan shigo in an fita tara, amma malamai ba sa leƙowa sai in za su yi makin jarrabawa ko su huta. Yanzu na ji labarin taron shekara-shekara na ƙungiyar masu kula da laburaren makarantu, kuma kuɗin mota da masauki da rajista duk daga aljihuna za su fito. Ya cancanci in je? In kuma na je, me zai canza tsakanina da malaman nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauki mabuɗin nan a matsayin amana, don da yawa in aka ba su, a jaka yake kwana har zango ya ƙare.

In dai da hali, ki je. Amma kafin ki hau mota, ki bi malaman makarantarki ɗaya bayan ɗaya, ki rubuto darussan da ke ba su wahalar koyarwa, ki tafi da su, ki dawo musu da amsa. In kin yi haka, kuɗinki bai faɗi ba. In kuwa satifiket da hoto da jakar taro kawai kika dawo da su, malamai za su ci gaba da wuce ƙofarki kamar yadda suka saba, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Bari in fara da masu taron, don ki san gidan da za ki shiga. Ƙungiyar laburaren makarantu ta Najeriya, wadda ake taƙaita sunanta da NSLA, an kafa ta a 1977 a Ibadan. Cibiyar Abadina ta Jami'ar Ibadan ce ta goya ta, cibiyar da Farfesa Adetowun Ogunsheye, mace ta farko da ta zama farfesa a Najeriya, ta tsaya aka kafa, kuma Farfesa David Elaturoti ya shafe shekaru yana riƙe da ragamar cibiyar da ta ƙungiyar. A wannan shekara ta 1977 ɗin ce ƙungiyar laburaren makarantu ta duniya, wato IASL, ta yi babban taronta a Ibadan. Ita kuwa IASL an haife ta a 1971 a ƙasar Jamaika, a wurin taron gamayyar ƙungiyoyin malaman makaranta na duniya. Wannan abin yana burge ni duk sanda na tuna shi: ƙungiyar nan daga cikin taron malamai ta fito, don haka mai kula da laburare da malamin aji 'yan ɗaki ɗaya ne tun asali. Bayan su akwai uwar ƙungiya ta duk ma'aikatan laburare a ƙasar nan, NLA, wadda aka kafa a 1962, kuma tana da rassa a jihohi. A nan Arewa ma ba mu zo a makare ba. A 1963 wani masanin laburare daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto a kan buƙatun laburare na Jihar Arewa, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da aikin laburare. Daga baya Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri suka bi sahu. Na kawo wannan ne don ki san masana aikin ba su yi miki nisa ba, ko da bana ba ki samu zuwa babban taro ba.

To me ake samu a taron? Zan faɗa miki gaskiyar abin da na gani cikin shekarun da na yi ina zuwa. Kaso mai yawa na takardun da ake karantawa malaman jami'a ne ke kawo su, kuma haƙƙinsu ne, don da su ake yi musu ƙarin girma. Wasu suna da amfani ƙwarai. Wasu kuma za ki zauna minti ashirin ana karanto miki cewa laburaren makarantu ba su da kuɗi, ba su da littattafai, ba su da ƙwararrun ma'aikata, alhali ke daga cikin wannan halin kika taso. Kada ki bari wannan ya kashe miki jiki. Ki duba jadawalin taron tun ranar farko, ki sa alama a kan zaman bita, inda ake yin abu da hannu, da kuma duk inda mai magana ma'aikacin makarantar firamare ko sakandare ne. Sannan ki riƙe lokacin cin abinci da muhimmanci kamar yadda kika riƙe zauren taro.

Abu mafi amfani da na taɓa ɗaukowa daga taro, a gindin bishiya na same shi bayan sallar azahar. Wata dattijuwa daga wata jiha ta buɗe jakarta ta fito da littafin rubutu mai shafi tamanin, bangonsa duk ya tsufa, an ɗaure shi da zare. Kowane shafi ta raba shi gida huɗu da biro ja: sunan malami, aji, darasin da zai koyar da makon da zai koyar da shi, sai gida na ƙarshe, abin da ta nemo masa. Ta ce a ofishin malamai take ajiye shi, a kan teburin da ake sa hannu da safe. Na duba, sai na ga malamin lissafi ya rubuta, malamar addini ta rubuta, har malamin wasanni ya nemi zanen filin ƙwallo da awonsa. A wasu wuraren ta rubuta "babu, amma na aro daga makarantar 'yan mata". Na dawo gida na sayi irin littafin, kuma shi ya canza aikina fiye da duk takardun da na saurara a wannan makon.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wadda ita ce zuciyar maganar. Me ya sa malamai ba sa shigowa?

Kafin ki ji haushinsu, ki tsaya a inda suke tsaye, tunda ke ma malama ce. Malami yana da aji mai ɗalibai tamanin ko fiye, yana da sikim, wato jerin darussan zango, da dole ya gama kafin jarrabawa, yana da littafin shirin darasi da mataimakin shugaba zai duba ya sa hannu, ga makin gwaji, ga sufeto da zai iya faɗowa ba sallama. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke tambayarsa ko ya shiga laburare. Yawancinsu ma a makarantun da suka yi, laburare ɗaki ne a kulle, ko wurin da ake tara karyayyun kujeru. Don haka in kika tare shi kika ce, "Malam, ka riƙa turo yara laburare," abin da kunnensa ya ji shi ne ƙarin aiki. Wanda bai san daɗin abu ba, ba ya kewarsa. Ke ce za ki ɗauki laburaren ki kai masa har teburinsa, a daidai darasin da yake koyarwa a wannan makon.

Ni ma na yi wannan kuskuren a farkon aikina, kuma har yau yana damuna. Na shafe kusan shekara ina jera littattafai bisa tsarin Dewey, kimiyya a 500, tarihi da labarin ƙasa a 900, na manna lamba a gadon bayan kowanne, na sa mafi kyawunsu a kabad na kulle don tsoron ɓata. Ɗakin ya yi kyau, baƙi suna yabawa. Amma yaran da suka gama a wannan shekarar sun fita ba su taɓa buɗe littattafan da ke cikin kabad ɗin ba, kuma ba su da damar dawowa. Littafin da ya tsufa a hannun yara ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Wannan magana ta haɗa kai da malamai ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Sanarwar da IFLA, wato tarayyar ƙungiyoyin laburare ta duniya, ta fitar tare da UNESCO a 1999 a kan laburaren makaranta ta faɗa ƙarara cewa in malamai da masu kula da laburare suka yi aiki tare, ɗalibai kan fi ƙwarewa a karatu da rubutu da warware matsala da amfani da na'urorin zamani. A Amurka kuma, binciken da Keith Curry Lance da abokan aikinsa suka yi a jihar Kolarado, na farko a 1993, na biyu a 2000, ya nuna makarantun da laburarensu ke da ma'aikata da kayan aiki sun fi samun maki a jarrabawar karatu, kuma na biyun ya danganta hakan da lokacin da mai kula da laburare ke ɗauka yana shirya darasi tare da malamai. Makarantunsu ba irin namu ba ne, kowa ya sani, amma dalilin ɗaya ne: littafi yana aiki ne in ya haɗu da darasi.

Akwai wata masaniya a Jami'ar Arizona, Patricia Montiel-Overall, wadda a 2005 ta kasa wannan haɗin kai hawa huɗu, kuma za ki ji ana ambatonta a taro. Hawa na farko shi ne daidaita lokaci kawai: aji kaza zai shigo ranar Talata, aji kaza ranar Alhamis. Na biyu shi ne taimako: malami ya faɗi abin da zai koyar, ke ki nemo masa kayan aiki. Na uku shi ne ku zauna ku shirya darasin tare, ku koyar tare, ku auna yaran tare. Na huɗu shi ne a ce makarantar gaba ɗaya, a kowane fanni, haka take aiki. A taro za ki ji ana ta yabon na uku da na huɗu, har ki ji kamar ba ki yi komai ba. Kada ki yarda da wannan jin. A makarantarki, in kika kafa hawa na biyu da malamai biyar a zango ɗaya, kin yi babban aiki, kuma daga cikin biyar ɗin nan ne ɗaya zai hau na uku da ke. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ga yadda za ki fara. A makon farko na zango, ko ma kafin a dawo hutu, ki je wurin mataimakin shugaba mai kula da harkar karatu, ki roƙi ganin sikim ɗin kowane fanni. Manhajar da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara ce ake rabawa mako-mako, don haka tun yau za ki iya sanin abin da malamin kimiyya zai koyar a mako na shida. Ki zauna da sikim ɗin a gefe ɗaya, littattafanki a gefe ɗaya, ki bi su shafi-shafi. Aikin yana cin lokaci, amma sau ɗaya ake yinsa, kuma za ki sha mamakin abin da ke ɓoye cikin littattafai ɗari bakwai. Tsohon atlas da ba wanda ke taɓawa yana da taswirar ruwan sama. Littafin lafiya da wata ƙungiya ta kawo kyauta yana da zanen rayuwar sauro. Ki rubuta a 'yar takarda: "Malam, na ga mako mai zuwa za ka yi zazzaɓin cizon sauro da 'yan aji biyu. Ga littattafai uku, na sa takarda a shafukan." Ki ajiye masa a teburinsa da littattafan, ki tafi abinki. Kada ki yi masa wa'azi a kan muhimmancin karatu, kada ki nemi godiya. Ki sake yi mako na gaba.

Kuma kada ki fara da kowa da kowa. Ki zaɓi malami ɗaya ko biyu da kika san suna son aikinsu, ko sabon malami da bai riga ya daskare a kan tsohon littafin darasinsa ba, ko ɗan bautar ƙasa mai zafin nama. Sauran za su zo da kansu in sun ga abin da ke faruwa a ajin wancan.

Bari in ba ki misalin yadda hawa na uku yake in ya samu. Wani malamin aikin gona da na yi aiki da shi zai koyar da ire-iren ƙasar noma ga 'yan aji biyu. Yadda ya saba, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, a wuce. Na ce masa, "Malam, ka ba ni darasi biyu mu gwada wani abu, in bai yi ba ka koma yadda ka saba." Muka zauna bayan an tashi, minti talatin kacal. Shi ya faɗi abin da yake so yara su sani, don shi ne mai fannin. Ni na faɗi abin da nake so su iya: su nemo bayani ta hanyar duba jerin abin da ke ciki da fihirisar ƙarshen littafi, su faɗe shi da kalmominsu, su rubuta inda suka samo. Littattafan da suka taɓa batun guda shida ne kawai, ɗaliban kuwa sun haura tamanin, kuma laburaren ba ya ɗaukar fiye da rabinsu. Sai muka ce kowane rukuni ya zo da ƙasa a gwangwanin madara: wasu rairayi daga jigawa, wasu laka daga fadama, wasu turɓaya daga inda ake zuba taki. Muka raba ajin biyu. Rabi suna waje tare da shi, sun huda gindin gwangwanayen suna zuba ruwa, suna ƙirga wanne ya fi saurin tsiyayewa. Rabi suna ciki tare da ni, mutum bakwai-bakwai a kan littafi ɗaya, ɗaya na karantawa, ɗaya na rubutawa, saura na gardama. A darasi na biyu aka yi musaya.

Ba zan manta wata yarinya ba, 'yar siririya, wadda malamai ke cewa ba ta magana a aji. Ta ɗora yatsanta a kan layi, hannun nata duk busasshiyar laka, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe shi ya sa babanmu yake shuka gero a tudu, shinkafa a fadama." Abin da ta sani tun tana goye ne ta gan shi a rubuce, sai littafin ya zama nata. Malamin yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji. A zango na gaba shi ya zo ya same ni da sikim ɗinsa a hannu.

Ki lura da wani ƙaramin abu da muka yi, don shi ne ƙashin bayan aikin. Malamin ya ware maki biyar daga cikin makin gwajin zango ga aikin laburaren, biyu daga ciki na rubuta sunan littafi da lambar shafi ne. Yaranmu sun san abin da ake ba maki shi ne abin da makaranta ta ɗauka da gaske. In aikin laburare ba ya shiga maki, za su ɗauke shi wasa, iyaye ma haka.

Ƙarancin littattafai kuwa gaskiya ne, ba zan rufe miki shi ba. Ƙa'idojin da IFLA da UNESCO suka fitar a 2002 sun ce a samu littafi goma ga kowane ɗalibi, kuma ko makaranta mafi ƙanƙanta kada ta gaza 2,500, sannan aƙalla kashi 60 cikin ɗari su kasance masu alaƙa da manhaja. Ke kina da ƙasa da ɗari bakwai. Ki rubuta wannan adadi a takardar da za ki kai wa shugaban makaranta da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai, don hujja ce mai ƙarfi. Amma kada ki zauna jiran ya cika. Haɗin kai da malamai shi kansa hanyar samar da kayan karatu ne. Malamin Hausa zai iya tura yara wurin kakanninsu su tattaro karin magana da kacici-kacici da waƙoƙin daka da na niƙa, ke ki koya musu rubuta sunan unguwa da ranar da aka ji, a ɗinke ya zama kundi a kan kanta. Malamin tarihi ko zamantakewa zai iya sa su rubuto tarihin kasuwar garinku ko sana'ar unguwarsu, ƙira ko jima ko rini. In kuna kusa da Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ziyara ɗaya da aka shirya mata tambayoyi tun daga laburare ta isa ta haifar da kundi guda. Bayan shekara uku za ki ga kina da kantar da babu irinta a wani wuri, kuma yara sun fi rububin karanta abin da yayyensu suka rubuta. Tsofaffin jaridu ma ki yanka ki jera a fayil bisa fanni. In akwai kwamfuta ko da ɗaya ce, manhajar Kiwix tana ba da damar buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, kuma shafin African Storybook yana da gajerun labarai da Hausa da Turanci da ake saukewa kyauta a buga. Irin waɗannan dabaru su ne za ki tambaya a taro: wa ya gwada, a makaranta mai ɗalibai nawa, me ya ba shi matsala.

Akwai kuma abin da malamai ke buƙata daga gare ki wanda wataƙila ba su sani ba tukuna. Yaran nan, ko ba su da waya, akwai ta a gidajensu, kuma in aka ba su aikin gida, abin da suka fara gani suke kwafowa, ko daga WhatsApp ne ko daga Facebook. Koya musu tambayar "wa ya faɗa, yaushe, ina hujjarsa" aikinki ne, amma ba ya kama ƙasa in an koyar da shi shi kaɗai a laburare. Sai an cusa shi cikin aikin da malami ya bayar. Al'ummar da ta san darajar isnadi a ilimin hadisi ba za ta ji wannan baƙon abu ba, kuma na ga malaman addini sun fi kowa saurin kama shi in an kawo musu ta wannan ƙofar.

Sai maganar shugaban makaranta, don komai ƙwazonki in bai tsaya miki ba, ranar da jarrabawa ta zo za a mayar da laburaren ɗakin ajiyar takardu. Na taɓa aiki a inda aka kwashe wata biyu ana tara buhunan siminti a cikin ɗakin, yara na leƙe ta taga, kuma abin ya yi mini ciwo sosai. Abu uku za ki nema a wurinsa, a rubuce, cikin ladabi: a sa lokacin laburare a jadawalin darussa, malamin ajin kuma ya riƙa shigowa tare da yaransa maimakon ya turo su ya tafi, a rage miki darussan da kike koyarwa ko da kaɗan ne, a ba ki minti goma a kowane taron malamai. Ki tuna masa Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta lissafa laburare cikin muhimman hidimomin ilimi da masu makarantu za su samar. Amma abin da zai fi motsa shi shi ne littafin rubutun nan mai gida huɗu, in kika buɗe masa ya ga malamai nawa suka nema, aji nawa suka shigo.

Kina da wata dama da ƙwararren ma'aikacin laburare ba shi da ita. Shi sau da yawa ana ɗaukarsa ma'aikacin ofis, ba ya zama a ofishin malamai, ba a kiransa taronsu. Ke kuwa 'yar gida ce, kina shan shayi da su, kin san wanda ke fama da wane aji. Abin da kika rasa shi ne horon aikin laburare, kuma shi ne abin da taro da bita za su fara cike miki. In aikin ya shiga ranki, ki yi tunanin komawa karatu a fannin, don hukumar rajistar ma'aikatan laburare, wato LRCN, wadda dokar 1995 ta kafa, masu shaidar karatun laburare take yi wa rajista, kamar yadda hukumar TRCN ke yi wa malamai.

Game da kuɗi, kada ki fara da aljihunki. Ki rubuta takardar neman izini da tallafi tun da wuri, ki haɗa da takardar gayyatar taron, ta bi ta hannun shugaban makaranta zuwa ofishin shiyya ko hukumar da ke kula da makarantarku. A ciki ki faɗi abin da za ki dawo da shi: bita ga malamai, da darussa biyu na haɗin gwiwa kafin ƙarshen zango. Ko ba a ba ki ko sisi ba, izinin a rubuce kariya ce gare ki. In za a samu malami ɗaya ya raka ki, musamman mataimakin shugaba, to wannan ya fi komai, don abin da mutum ya gani da idonsa ba sai an lallashe shi ba. In kuwa tafiyar za ta taɓa abincin gidanki ko kuɗin makarantar 'ya'yanki, ki haƙura da ta bana, babu abin kunya a ciki. Ki nemi reshen NLA na jiharku, ki shiga taronsu. Ƙungiyar AfLIA ta laburaren Afirka, mai hedikwata a Akara ta ƙasar Gana, kan shirya bita ta intanet da za ki bi da wayarki. Kuma ba abin da ya hana ki kira masu riƙe da mabuɗi irinki daga makarantu huɗu ko biyar na kusa, ku haɗu ranar Asabar ɗaya a zango, kowa ya zo da sikim da jerin littattafansa, ku riƙa aron juna.

In Allah ya sa kin je, ranar da kika dawo ki fara sauka a ofishin malamai kafin ki buɗe laburare. Rahoton da za ki ba shugaba kada ya wuce shafi ɗaya. A minti goman da aka ba ki a taron malamai, ki ɗauko takardar da kika tafi da ita, ki kira su da sunansu: Malam wane, ka ce yara ba sa gane karatun taswira, ga abin da wata makaranta ta gwada, Malama wance, ga inda za a samu labarai na Hausa kyauta. Watan Oktoba shi ne watan laburaren makarantu na duniya, wanda IASL ke jagoranta, 23 ga Afrilu kuma ranar littafi ta duniya ce. Ki zaɓi wanda ya fi kusa da dawowarki, ki sa shi ya zama ranar da ajin da kuka yi aiki tare zai nuna abin da ya yi a gaban asambile, kuma malamin ajin ne zai tsaya ya gabatar, ke kina gefe. In kin dawo, ki rubuto mini darussan da malaman suka ba ki da amsoshin da kika samo, mu duba waɗanda suka rage tare. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.